Wa Ya Naɗa Su Alƙalai? Masu Sharhin Adabi da Fasaha a Jaridun Zamanin Sarauniya Biktoriya

A watan Disamba na 1848, mujallar Quarterly Review da ke fitowa a Landan ta buga dogon sharhi a kan wani ƙagaggen labari da yake tashe tun shekarar da ta gabata, wato Jane Eyre. Sunan da ke bangon littafin, Currer Bell, na aro ne. Sharhin kuwa ko na aron ba shi da shi, domin haka al'adar take a lokacin: mujalla ce ke magana, kuma da "mu" take magana. Mai sharhin ya zauna ya auna ko mace ce ta rubuta littafin ko namiji, ya yanke cewa namiji ne, wai don babu macen da za ta tafka irin kurakuran da ke ciki game da girki da suturar mata. Har ya ce wata mata da yakan tuntuɓa ce ta tabbatar masa da haka. Daga nan ya saki maganar da ta fi ciwo, cewa in har mace ce, to lalle irin wadda ta daɗe da rasa wurin zama a cikin 'yan'uwanta mata ce, saboda wani dalili. Ya kuma danganta littafin da ruhin tawayen da ke kifar da gwamnatoci a Turai a wannan shekara, yake kuma zuga talakawan Ingila masu neman 'yancin jefa ƙuri'a.

Wadda ta rubuta littafin ita ce Charlotte Brontë, 'yar wani limamin coci a ƙauyen Haworth, mai shekara 32, wadda a cikin wannan watan ne ta binne ƙanwarta Emily. Mai sharhin ma mace ce, Elizabeth Rigby, da ta ari muryar namiji ta yi hukunci. Mai karatu na wancan lokaci bai san ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ya sani shi ne Quarterly ta yi magana, kuma Quarterly ba ƙaramar murya ba ce.

Duk wanda ya bi tarihin sharhin adabi da zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a jaridun Birtaniya tsakanin 1837 da 1901, shekarun da Sarauniya Biktoriya ta yi a gadon sarauta, zai ga tambaya ɗaya ce ke ta dawowa da sabuwar riga: wane ne wannan mai yanke hukuncin, wa ya ɗora shi, kuma da bakin wa yake cin albasa? Mutanen zamanin sun ɗauka in aka cire wa mai sharhi lulluɓi aka ga fuskarsa, magana ta ƙare. Ni a ganina rabin cutar kawai wannan ya magance.

Ba za a gane ƙarfin mai sharhi ba sai an leƙa aljihun mai karatu. Sabon ƙagaggen labari yakan fito ne a juzu'i uku, a kan sule 31 da sisi, kuɗin da ya fi abin da leburori da yawa ke samu a mako guda. Saboda haka mutane ba saye suke yi ba, aro suke yi. Wani mutum mai suna Charles Edward Mudie ya fara bayar da aron littattafai a 1842, inda mutum zai biya fam ɗaya da sule ɗaya a shekara ya riƙa ɗaukar juzu'i ɗaya yana mayarwa. Kasuwarsa ta bunƙasa har ta kai yana sayen ɗaruruwan kwafi na littafi guda, wani lokaci dubbai. Mudie mutum ne mai riƙo da addini, kuma littafin da yake ganin bai dace da gidan mutunci ba, ba ya shiga kantinsa. A gidajen masu matsakaicin hali kuwa, karatu abin tarayya ne, maigida ko uwargida su karanta da ƙarfi da daddare, 'yan mata na ɗinki suna saurare. Don haka abin da uba yake nema a wurin mai sharhi, kafin ma a zo batun ko littafin ya tsaru, shi ne ko za a iya barinsa a kan tebur a falo. Wannan buƙata ce ta mayar da masu sharhi da yawa masu gadin ƙofa.

Jaridun kansu ma da tsada suka fara. Tun 1815 gwamnati ke karɓar harajin kwabo huɗu a kan kowane kwafin jarida, aka rage zuwa kwabo ɗaya a 1836. Akwai haraji a kan talla, akwai a kan takarda. Masu adawa suna kiran su harajin ilimi, kuma suka yi ta matsa lamba har aka soke na talla a 1853, na hatimin jarida a 1855, na takarda a 1861. Nan take kasuwa ta buɗe. Jaridar Daily Telegraph ta fito a 1855, ba da jimawa ba ta koma kwabo ɗaya. Mujallar mako-mako ta Saturday Review ta fito a wannan shekara da kaifin harshen da ya sa ake tsoronta. A 1860 mujallar Cornhill ta fito a kan sule ɗaya, fitowarta ta farko ta sayar da kwafi sama da 100,000. Ka gwada wannan da tsofaffin mujallu masu fitowa sau huɗu a shekara, Edinburgh Review da aka kafa a 1802 da Quarterly ta 1809, masu sule shida, waɗanda sukan ɗauki littafi su mai da shi hujjar rubuta muƙala mai shafi talatin ko arba'in a kan siyasa ko tarihi. Yanzu an samu sababbin masu karatu, suna da ɗan kuɗi, suna hawa jirgin ƙasa, suna zuwa baje kolin zane da gidajen wasa, amma ba su tashi a gidajen da aka gaji sanin waɗannan abubuwa ba. Suna neman wanda zai ce musu wannan ya yi, wannan bai yi ba.

Inda duk hukunci ke da daraja, akwai mai neman saye. Tun kafin Biktoriya ta hau mulki, wani mai buga littattafai, Henry Colburn, ya yi ƙaurin suna wajen bambaɗanci: yana da tasa mujallar, yana da hannun jari a wata, sai ya fitar da littafi kuma a ga ana yi masa kirari a shafukan da shi ke da iko da su. Wanda ya tsaya ya yaƙi wannan shi ne Charles Wentworth Dilke, editan Athenaeum daga 1830 zuwa 1846. Ya hana ma'aikatansa karɓar alheri daga marubuta da kamfanonin ɗab'i, shi kansa ya janye daga zuwa liyafa don kada sabo ya ɗaure masa baki, ya kuma karya farashin mujallar daga kwabo takwas zuwa huɗu don ta rayu da yawan masu saye. Abin lura a nan shi ne, a wurin Dilke ɓoye suna kariya ce. In marubuci bai san wanda zai yi sharhin littafinsa ba, bai san ƙofar da zai kai gaisuwa ba.

Kuma gaskiya lulluɓin ya yi rana. A ƙarƙashinsa ne Marian Evans, wadda duniya ta sani daga baya da George Eliot, ta tafiyar da aikin editan Westminster Review a farkon shekarun 1850 ba tare da sunanta ya fito ba, a zamanin da maza da yawa ba za su yarda mace ta gyara musu rubutu ba. A ƙarƙashinsa ne Geraldine Jewsbury ta rubuta wa Athenaeum sharhi sama da 2,000 cikin shekara talatin. Matashin lauya da bai yi suna ba, ma'aikacin gwamnati, limamin coci, duk suna iya faɗin abin da ke ransu, a auna maganar da nauyinta. Bai kamata a raina wannan ba. Masu bincike a ƙarni na 20 sun shafe fiye da shekara ashirin, daga 1966 zuwa 1989, suna fitar da kundi mai juzu'i biyar don gano waɗanda suka rubuta waɗannan muƙalu, kuma sunayen mata da suka fito daga ciki sun sauya yadda ake kallon zamanin.

Sai dai mayafin da ya rufe mai gaskiya shi ya rufe mai ƙulli a zuci. A 1857 Edinburgh Review ta yi kaca-kaca da marubucin labarai Charles Dickens saboda yadda ya zana ma'aikatun gwamnati a Little Dorrit a matsayin wurin da ake juya mutane daga tebur zuwa tebur ba a yin komai. Wanda ya rubuta shi ne James Fitzjames Stephen, ɗan Sir James Stephen wanda ya shafe shekaru yana babban sakataren ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka. Mai yiwuwa Stephen ya yarda da duk abin da ya rubuta, amma mai karatu yana da haƙƙin sanin cewa ɗan gida ne ke kare gida. Shi ma Dickens ɗin ba a bar shi a baya ba wajen kula da masu sharhi. Da E. S. Dallas ya yaba Our Mutual Friend a jaridar The Times a 1865, Dickens ya ba shi kyautar ainihin rubutun hannu na littafin.

Matthew Arnold, mai duba makarantu kuma mawaƙi, ya hango wata matsalar da ta fi ta ɗaiɗaikun mutane. A wata lacca da ya buga a 1864 ya ce kowace mujalla a Ingila bakin wata ƙungiya ce: wannan ta masu sassaucin ra'ayi, waccan ta 'yan mazan jiya, wata ta Katolika, wata ta waɗanda suka ɓalle daga cocin Ingila, The Times kuma ta mai wadata da ya gamsu da halin da yake ciki. Kowacce tana barin tunani ya yi yawo ne iya tsawon igiyar da ƙungiyarta ta sake masa. Abin da ya nema shi ne mai sharhi ya ga abu yadda yake, ba tare da wata riba ta gefe ba. Shekara guda bayan haka, a 1865, aka kafa Fortnightly Review bisa sharaɗin kowa ya sa sunansa a ƙasan abin da ya rubuta. George Henry Lewes ne editan farko, Anthony Trollope na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma ya rubuta muƙala a ciki yana kare tsarin. Contemporary Review da Academy da Nineteenth Century suka biyo baya.

Shekara shida kacal aka yi aka ga iyakar wannan gyara. Da mawaƙi kuma mai zane Dante Gabriel Rossetti zai fitar da waƙoƙinsa a 1870, sai ya shirya tun da wuri abokansa su riga kowa yin sharhi, Swinburne a Fortnightly, William Morris a Academy. Sunayensu na nan a rubuce, amma abota ce ta rubuta. A watan Oktoba na 1871 kuma sai ga wata muƙala a Contemporary Review tana zargin Rossetti da mutanensa da waƙar sha'awar jiki da lalata tarbiyya, ɗauke da sa hannun wani Thomas Maitland. Babu wani Maitland. Robert Buchanan ne, mawaƙin da ke da tsohuwar jiƙaƙƙa da su, har ya ambaci kansa a cikin muƙalar kamar wani ne dabam. Rossetti ya mayar da martani a Athenaeum, Buchanan ya faɗaɗa zargin ya fitar da shi a ɗan littafi, kuma a 1872 Rossetti ya samu taɓin hankali har ya nemi halaka kansa. Bayan shekara tara Buchanan ya janye maganarsa, ya sadaukar masa da wani littafi. Lafiyar Rossetti dai ba ta dawo yadda take ba.

A fagen zane ne aka fi ganin abin da ke faruwa idan mai sharhi yana da suna, yana da gaskiya, ba ya karɓar ko anini daga kowa, amma ƙarfinsa ya yi yawa. John Ruskin yana ɗan shekara 24 ya fitar da juzu'in farko na Modern Painters a 1843 don kare mai zane Turner daga 'yan jaridar da ke yi masa ba'a. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne kallo. Sauran masu sharhi sukan bi baje kolin da Royal Academy ke yi duk bazara, inda ake rataye zane-zane tun daga ƙasa har rufi, su bi lambobin kundin suna cewa wannan kyakkyawa ne, wancan labarinsa na da taɓa zuciya. Ruskin kuwa zai tsaya a kan yadda gajimare ke taruwa, yadda reshe ke fita daga jikin itace, yadda ruwa ke ɗaukar haske, ya nuna maka wanda ya kalli halitta da idonsa da wanda ya kwafi na gabansa. A 1850 Dickens ya yi wa zanen Millais na Yesu yana yaro a shagon kafinta wankin babban bargo a mujallarsa, saboda an zana mutanen kamar talakawan gaske masu kaushin hannu. A shekarar da ta biyo, Ruskin ya rubuta wa The Times wasiƙu biyu yana kare Millais da abokansa matasan masu zane, kuma iska ta juya musu. Har mujallar barkwanci ta Punch ta yi waƙa da bakin wani mai zane yana kukan cewa dā kafin fenti ya bushe ya sayar, amma da Ruskin ya soka masa haure babu mai taya.

A 1877 aka buɗe sabon zauren baje koli na Grosvenor a Landan. Cikin abin da aka rataye akwai wani zane na James McNeill Whistler, haifaffen Amurka: dare ne mai duhu a wani lambun shaƙatawa da ke bakin kogin Thames, ana wasan wuta, tartsatsi na zubowa kamar ɗigon zinariya, mutane kuma inuwa-inuwa a ƙasa. Kuɗinsa fam 210. Ruskin ya rubuta a wasiƙun da yake fitarwa duk wata domin ma'aikatan Birtaniya cewa bai taɓa zaton zai ga wani ɗan ƙwalisa ya nemi wannan kuɗi don ya watsa wa jama'a tukunyar fenti a fuska ba, kuma ya ce abin ya yi kusa da yaudara da gangan. Whistler ya kai ƙara kan ɓata suna, yana neman diyyar fam 1,000.

An yi shari'ar kwana biyu a watan Nuwamba na 1878. Ruskin bai halarta ba saboda rashin lafiya. Babban lauyan gwamnati, Sir John Holker, shi ya tsaya masa, ya tambayi Whistler kwana nawa ya ɗauka yana zanen. Ya ce kamar biyu. Lauya ya ce, aikin kwana biyu kake neman wa wannan kuɗi? Whistler ya ce a'a, yana nema ne saboda ilimin da ya tara tsawon rayuwarsa. A wannan 'yar musayar ce gaba ɗaya rigimar take. A wurin Ruskin darajar zane tana tare da gumin da aka zuba da gaskiyar abin da aka nuna da tarbiyyar da ke ciki, kuma mutumin da ya shafe shekaru yana kukan yadda ake zaluntar ma'aikata ba zai ga an biya aikin kwana biyu abin da lebura ba ya samu a shekaru ya yi shiru ba. A wurin Whistler zane tsarin launi ne, kamar yadda kiɗa yake tsarin sauti, ba ya bin kowa bashin labari ko wa'azi. Masu zane Burne-Jones da Frith suka ba da shaida a ɓangaren Ruskin, haka ma Tom Taylor, mai sharhin zane na The Times, wanda ya karanto wa kotu tsofaffin sharhinsa. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce an ɓata wa Whistler suna, suka ba shi diyyar rubu'in kwabo, kuma kowa ya biya lauyansa. A 1879 Whistler ya tsiyace, aka sayar da gidansa. Ruskin, wanda masoyansa suka haɗa masa kuɗin shari'a, ya ajiye kujerarsa ta farfesa a Oxford, yana cewa ba zai riƙe muƙamin da ba shi da ikon faɗin hukuncinsa ba.

Ina ganin Ruskin ya fi duk masu sharhin zamaninsa amfani, kuma a wannan karon ya yi zalunci. Mutumin da ya koya wa Ingila kallon hazo da hasken Turner ya tsaya gaban wani hazon ya ƙi kallo. Bai yi abin da ya saba ba, wato ya nuna inda zanen ya gaza. Ya tsallake zanen ya hau kan mutuncin mai shi, kuma ya san maganarsa na iya hana mutum cin abinci.

Sharhin kiɗa yana da tasa wahalar. Littafi yana nan, zane yana rataye, kowa na iya zuwa ya gwada da abin da aka faɗa. Kiɗa kuwa da an tashi ya tafi, babu faifai babu rediyo, abin da mai sharhi ya rubuta shi ne ya rage. Mutum biyu suka riƙe wannan fage tsawon shekaru: Henry Chorley a Athenaeum har zuwa 1868, da J. W. Davison a The Times daga 1846 har fiye da shekara talatin. Dukansu Mendelssohn, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ne ma'auninsu, kuma dukansu sun tsaya wa takwarorinsa Schumann da Wagner a wuya. Da Wagner ya zo Landan a 1855 ya jagoranci makaɗan ƙungiyar Philharmonic a zama takwas, bai kai wa 'yan jarida gaisuwar da aka saba ba, Davison kuwa ya bi shi da suka har ya tafi, ko da yake Sarauniya da kanta ta halarci zama ɗaya ta kuma gana da shi. A nan ma akwai dalilin da ya wuce kunne, domin Wagner ya riga ya rubuta wata muƙala ta ƙin Yahudawa da sunan aro a 1850, inda ya ci mutuncin Mendelssohn, wanda asalinsa Bayahude ne. Davison kuma a 1859 ya auri Arabella Goddard, fitacciyar mai kaɗa fiyano, alhali shi ne babban alƙalin masu fiyano a ƙasar. Da wasan opera (wasan kwaikwayo na waƙa) na Verdi, La traviata, ya zo a 1856, The Times ta yi Allah wadai da labarinsa saboda jarumar karuwa ce, jama'a kuwa suka yi ta cika gidan. Ranar da Davison ya sauka, wanda ya gaje shi, Francis Hueffer, masoyin Wagner ne har ya rubuta littafi a kansa. Jarida ɗaya, "mu" ɗaya, hukunci ya juye.

A gidajen wasan kwaikwayo ne cuɗanyar ta fi muni. Dokar 1843 ta karya babakeren da Drury Lane da Covent Garden suka yi wa wasanni masu nauyi, amma ta bar tace wasa a hannun wani babban jami'in fada, Lord Chamberlain, wanda sai da lasisinsa ake hawa dandamali. Masu sharhi da yawa su ma marubutan wasa ne. John Oxenford na The Times yana rubuta wasa, kuma an san shi da sassauci. Tom Taylor yana rubutawa. Clement Scott na Daily Telegraph yana juya wasannin Faransa zuwa Turanci da sunan aro. Mutum zai yi sharhin manajan da gobe zai kai wa nasa rubutun. Henry Irving, babban ɗan wasan zamanin, wanda ya karɓi gidan Lyceum a 1878, yakan shirya walima bayan wasa, 'yan jarida na cikin baƙi, har wani mai sharhi, Mowbray Morris, ya yi shaguɓe a 1882 cewa kaza da giyar shamfen ke rubuta sharhi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bram Stoker ma'aikacin gwamnati ne a Dublin da ke rubuta sharhin wasa kyauta. Ya yabi Irving a 1876, suka ƙulla abota, bayan shekara biyu ya zama manajan harkokinsa.

Bai kamata a rage wa Clement Scott haƙƙinsa ba. Daga 1871 shi ya mayar da sharhin daren farko abin da ake jira: a tashi daga wasa wajen sha ɗaya na dare, ya zauna ya cika dogon shafi, da safe dubban mutane su karanta. Yana son dandamali da zuciya ɗaya, yana da idon gane ɗan wasa, kuma ya san abin da masu karatunsa ke so domin shi ma irinsu ne. Wannan ɗin ne ya zama rauninsa da wasannin Henrik Ibsen na Norway suka iso. A ranar 13 ga Maris 1891 wata ƙungiya mai zaman kanta da J. T. Grein ya kafa ta nuna Ghosts sau ɗaya tak a gidan Royalty, a matsayin taron 'yan ƙungiya, don babu lasisi. Labarin wata gwauruwa ce da ta shafe rayuwarta tana rufa asirin fasiƙancin mijinta don kare sunan gida, sai ga ɗanta ya gaji ciwon tunjere daga uban. Washegari Daily Telegraph ta kira wasan buɗaɗɗiyar kwata da gyambon da ba a ɗaure ba, sauran jaridu suka bi sahu. William Archer, wanda ya iya harshen Norway kuma yake fassara Ibsen, bai tsaya jayayya ba. Ya tattaro zage-zagen ya jera su ɗaya bayan ɗaya a Pall Mall Gazette don mutane su ga yadda suke. Wasan da ke nuna illar lalata da munafunci shi aka kira lalata, domin ya faɗi abin da ba a faɗa a falo. Sai a 1914 aka ba shi lasisi.

Marubuci Thomas Hardy ya sha irin wannan a kan littafinsa Jude the Obscure a 1895. Wani bishop ya shelanta cewa ya jefa littafin a wuta. Margaret Oliphant, gwauruwar da ta riƙe 'ya'yanta da na ɗan'uwanta da alƙalaminta, wadda ta shafe shekaru arba'in tana rubuta wa mujallar Blackwood's, ta zarge shi a watan Janairu na 1896 da shiga rundunar masu yaƙi da aure. Ba sayen ta aka yi ba, ba ta kuma da wata gaba da shi. Ta yi imani ne cewa aure shi ne katangar da ke kare mata, kuma mai rusa shi mata zai bari a rana. Hardy bai sake ƙirƙirar wani sabon dogon labari ba har ya rasu a 1928. Ya koma waƙa, wadda dama ita ce abin da ya fi so, don haka ba za a ɗora wa masu sharhi dukan alhakin ba, amma shi da kansa ya ce abin da ya gani ya cire masa sha'awar rubuta labari.

George Bernard Shaw ya bi wata hanya dabam da ta Arnold. Ya yi sharhin kiɗa a jaridar The Star da sunan aro, sannan a The World daga 1890 zuwa 1894 da haruffan sunansa, sannan sharhin wasa a Saturday Review daga 1895. Ya watsar da "mu" ya kama "ni". Bai yarda akwai mai sharhin da ba shi da ɓangare ba, har ya ce sharhin da babu zafin rai a ciki bai cancanci karantawa ba. Yana goyon bayan Wagner da Ibsen a fili, yana caccakar Irving kan yadda yake yanke wasannin Shakespeare don su dace da shi, kuma ya san kiɗa ciki da waje amma yana rubutu yadda mai hawa motar haya zai gane. Ya yi kuskure, musamman a kan mai tsara kiɗa Brahms, wanda ya yi wa rashin adalci ya kuma amsa daga baya. Shi ma yana da tasa buƙatar, domin marubucin wasa ne da ke neman ƙofar shiga, kuma ya faɗa da bakinsa cewa sharhinsa yaƙin neman hanya ne. Bambancin shi ne mai karatu ya san da wa yake magana, ya ga dalilan a shimfiɗe, yana iya cewa ban yarda ba. Wannan ya sa har yau ake karanta abin da ya rubuta a kan wasannin da kowa ya manta da su.

A 1898 Shaw ya ajiye aikin saboda rashin lafiya, Max Beerbohm ya gaje shi. A wannan shekara aka buga wata hira da Clement Scott inda ya ce da wuya macen da ta shiga sana'ar dandamali ta tsira da mutuncinta. 'Yan wasa da manajoji, waɗanda shekara uku kafin nan suka ga an ba Irving lambar girma ta Sir, karon farko ga ɗan wasa, suka yi masa ca, ya nemi afuwa bai tsira ba, kafin ƙarshen shekara ya bar Daily Telegraph. Shekara guda bayan rasuwar Sarauniya, a watan Janairu na 1902, The Times ta fara fitar da mujallarta ta sharhin littattafai, Times Literary Supplement. Masu rubuta mata ba sa sa suna, kuma haka ta ci gaba har 1974.